Turancin da na koya wa jikata a Ƙuba

Na yi fiye da shekara talatin ina koyar da Turanci a makarantun gwamnati a arewacin Nijeriya kafin in ajiye alli. Bayan rasuwar mai ɗakina, 'yata da ke aure a Madina ta matsa sai na dawo wurinta da zama. Mijinta ɗan ƙasa ne, jikan alhazan ƙasar Hausa da suka taho da ƙafa suka zauna, kuma yana da shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Sultana. Gidansu yana unguwar Ƙuba, bayan wani tsohon lambun dabino, inda nake iya takawa zuwa masallaci ba tare da na nemi mota ba.

Ban rasa komai a gidan ba sai abu guda. Jikata ta fari, wadda ta haura shekara ashirin, tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Larabcina na littafi ne, nata kuwa na Hijaz, mai gudu, wanda kafin in kama farkon magana ta kai ƙarshenta. A wurinmu kaka da jika abokan wasa ne. Ni kaina na tashi kakata tana kirana malalacin mijinta, ina ce mata tsohuwar da ba ta iya miya ba. Na iso Madina da wannan wasa cike da bakina, na rasa wadda zan yi wa. Kowace safiya takan sumbaci goshina ta ce "Jaddi", wato kakana, ta wuce. Ladabi ne cikakke, amma irin wanda ake yi wa baƙo mai daraja. Tsorona shi ne in koma ga Allah muna nan a haka.

Da ta gama karatun haɗa magunguna, wani asibiti ya kira ta ganawar ɗaukar aiki, wadda za a yi da Turanci bayan mako shida. Uwarta ta ce mini, "Baba, ga ɗaliba Allah Ya kawo muku har ɗaki."

Muka tsayar da bayan la'asar. Na kafa dokar da aka horar da ni a kanta: a cikin aji babu harshe sai Turanci. A zamaninmu, yaron da ya yi Hausa a aji ana rataya masa katako a wuya har sai ya kama wani. An rataya mini, ni ma na rataya wa 'ya'yan mutane, kuma na yi hakan da zuciya ɗaya, domin na gaskata cewa ita ce hanya.

Raunin jikata yana wurin siffa ta uku ta aikatau, irin su written da taken, da yadda suke haɗuwa da wakilin suna. Takan ce "she have wrote" ba tare da ta ji wani abu ya karce mata kunne ba. Sai na sa ta rera jerin kamar yadda muka rera, write, wrote, written, ina buga tebur da yatsa. Cikin mako uku ta haddace shafi huɗu, amma ba ta iya gina jimla ɗaya da su ba. Abin da ya fi damuna, ta ƙara yin shiru. Na samu awa guda kullum da jikata, na cika ta da harshen da ba nawa ba, ba nata ba.

Wata rana bayan darasi 'yata ta kawo mini shayi, ta tsaya ba ta fita ba.

"Baba, wannan fa ba 'yar aji uku ba ce."

"Da wannan hanya na koyar da alƙalai da likitoci," na ce. "Da ita na koyar da ke."

Ta yi dariya. "A makaranta dai. In mun dawo gida fa? Ba ku kuke zaunar da ni a tabarma ku warware mini komai da Hausa ba? Har kuna cewa kada in faɗa wa 'yan ajinmu."

Na manta da wannan ƙwarai, kuma gaskiya ta faɗa.

Washegari ban buɗe littafi ba. Na sa aka bar kwanon abincin rana a kan tebur, na tambayi jikata da Hausa ko shinkafar nan ɗanya ce. Ta dube ni da mamaki, ta girgiza kai. Na ce to dafaffiya ce, naman dafaffe ne, ƙwan kuma dafaffu. Na nuna mata cewa Hausa ma tana da wannan siffa, har ta fi wuya, domin tana sauyawa da namiji da mace da jam'i. A Turanci cooked ba ya motsi. Mataimakin da ke gabansa, kamar have ko was, shi ne yake bin wakilin suna: I have cooked, she has cooked, it was cooked, they were cooked. Kalmomi irin su already kuwa suna shiga tsakanin biyun su zauna, she has already cooked. In ana yabon girkin, sai well ta zo dab da shi, well cooked.

Na ga idonta ya buɗe. Ta jero mini tambayoyi da Larabcinta mai gudu. Na ce mata wallahi ban kama ko kalma ba, kuma ba dabara nake yi ba. Ta gwada da Turanci, ya tsinke mata a tsakiya. Ta dubi kwanon, sannan a hankali ta ce, "Kaka, shi never ɗin, a ina yake zaune?"

Hausar tana ɗingishi, da karin kakarta ta wajen uba, amma Hausa ce. Na amsa mata kamar ba abin da ya faru, domin na san in na nuna murna za ta ji kunya ta koma. Sai da ta fita na cire tabarau na goge.

Sauran mako ukun da Hausa muka yi su. Ita tana gina jimlolin Turanci, ni ina gyarawa. In ta yi kuskure a Hausarta ba na taɓawa, kuma wannan haƙuri ya fi mini wuya fiye da duk wani aiki da na yi a aji.

Ranar ganawar, ubanta ya fito da mota, na ce zan raka su. Ta tsaya a bakin ƙofa da takardunta, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kaka, da wannan hular za ka bi ni? Ta girmi Mama."

Uwarta ta zaro ido. Na ɗaga mata hannu.

"Ke da ba ki taɓa dafa mini ko ruwan shayi ba, har kin samu bakin zaɓar wa miji hula?"

"Miji? Wannan tsohon? Sai dai in an rasa."

"To a rasa ɗin. Ina nan ina jira."

Har yau ba a fitar da sakamakon ba, muna ta addu'a. A mota kuwa, tun daga Ƙuba har muka wuce unguwar Anbariyya, ba ta bar hular nan ta huta ba, ni ma ban bar girkinta ba.