Nasiruddeen, wa zai kira mu zaman Asabar?

Ranar Talata, 12 ga watan Agusta, muna tsakar aiki a injin casar shinkafa na Alhaji Babayo da ke Tirwun, aka bugo waya cewa Allah Ya yi wa ɗansa Nasiruddeen rasuwa a hanyarsa ta dawowa daga jami'a. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na kashe injin, har yau ba a tada shi ba.

Nasiru, ni Mansir ne, mai kula da inji. A aji huɗu na firamare na tsaya, ka yi haƙuri da rubutuna.

Shari'a kake karantawa, fannin yadda ake tafiyar da kamfanoni a ƙasashe daban-daban. Da hutu sai ka zo ka zauna kan buhun dusa kana ba mu labari: a Ingila masu hannun jari ne da magana, a Jamus kuwa har ma'aikata suna da kujera a inda ake yanke shawara. Ya'u mai ɗinkin buhu ya ce, "Barista, mu nan ko benci ba mu da shi." Ka yi dariya har ka ƙware. Amma ba ka manta ba. Ka yi ta bin Alhaji da lallami har ya yarda duk zaman da iyali za su yi kan injin, a kira mutum ɗaya daga cikinmu. Aka zaɓe ni. Ranar farko har za a tashi, sai ka ce, "Baba, Mansir bai yi magana ba tukuna." Kowa ya jira ni.

Yanzu ga inda muke. Masu gina gidaje sun matsa a sayar musu da filin injin, yayyenka sun yarda, Alhaji ya tsufa, ya gaji. Kai kaɗai ka ce ba za a yanke ba sai an ji ta bakinmu. An sa zama Asabar ɗin nan. Jiya a wurin zaman makoki na gai da yayanka Usama, ya amsa da mutunci, sannan ya ce, "Mansir, wannan zaman na 'yan gida ne." Ban ga laifinsa ba. Babu dokar da ta ce a kira ni. Kai ne dokar, Nasiru, kuma mun kai ka makwancinka.

Matan Zungur masu kawo shanshera a casa musu suna tambayata ko su nemi wani wuri. Ya'u ya daina tambaya ma. Me zan ce musu?

Zan je ranar Asabar. Zan yi sallama, in tsaya a ƙofar zaure har a tashi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Alhaji Babayo, Hajiya Fatu mahaifiyar Nasiru, da matarsa Zakiyya, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma, ya Allah, Ka sa a amsa sallamata.