Malam Garzali Akanta da Rufin Kankare

A Gyadi-Gyadi in ka ce Malam Garzali akanta, kowa ya san wanda kake nufi: siririn mutumin nan mai farin tabarau, wanda yake sauka daga kekensa ya tura shi in zai tsallaka titin Zariya. Tsoro dai kamar farar kura, Allah ya zuba masa. Ko akuya ce ta yi atishawa a bayansa sai ya waiga. Amma fa a kan aiki ba shi da na biyu. Shi ne mai riƙe da kuɗin kamfanin gine-gine na Alhaji Ɗahiru Kabo, attajirin da yake sayen gonakin Tarauni yana yanka su fuloti, yana gina gidajen haya. Ko ƙusa ba a saya sai Garzali ya sa hannu.

Duk cikin abubuwan da yake tsoro, babu kamar fuskar Alhaji. Ba wai Alhaji mugu ne ba, a'a, shi ya ɗauko shi daga kantin wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, shi ya yi masa aure da Huraira, shi ya yanka ragon sunan 'ya'yansu. To irin wannan mutumin kake iya duban idonsa ka ce masa abu bai yiwu ba?

Shekarar Udoji, lokacin da gwamnati ta yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, siminti ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, ana ta labarin jiragen ruwan da suka ɗauko shi sun yi cirko-cirko a tashar Ikko. A lokacin Alhaji yana gina wani gida a Tarauni, ba mai rufin kwano irin sauran ba, mai rufin kankare, don wata rana a ɗora bene. Ya ware kuɗin aikin tun kafin tsadar, ya ce kada a dawo masa da maganar ƙari. Da aka zo rufi kuɗi suka gaza. Garzali ya je ƙofar Alhaji har ya cire takalmi, ya ji muryarsa a ciki yana yi wa wani faɗa, sai ya mai da takalminsa ya juya. Ya koma ofis ya rage siminti, ya rage rodi.

Bello birkila, wanda yake jagorantar aikin, ya yi ta rantsuwa cewa wannan haɗin ba zai riƙe ba, yashi ne kawai aka shafa wa toka. Garzali ya ce masa abin da ke akwai ke nan. Bello ya zuba kankaren, ya karɓi ladansa, ya tattara kayansa ya tafi Jos.

Gida ya fito fes, an shafe shi da farin fenti. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya kira Garzali a zaurensa, gaban abokansa da yaransa. Ya yaba masa, ya ce kowa ya ƙara kuɗin gini bana ban da akantansa. Sannan ya miƙo masa makulli.

"Gidan nan naka ne, Garzali. Ka kwashe iyalinka ku shiga."

Zaure ya ɗauki addu'a. Garzali kuwa tsoro ya kai shi ƙasa, mutane suka zaci godiya ce ta durƙusar da shi. Kyautar ubangida a gaban jama'a, wa ya isa ya mayar? Ai cin fuska ne. Bayan an watse ya lallaɓa ya ce ko za a bar shi a tsohon gidansu na ƙasa, ya saba da unguwa. Fuskar Alhaji ta canja. Ya ce in ba ya so ba komai, sai a bai wa Tanko direba, ga shi da yara cike da ɗaki guda. Garzali ya tuna 'ya'yan Tanko, 'yan mitsi-mitsi masu zuwa ofis su gaishe shi, ya ce a'a ranka ya daɗe, ya karɓa.

Suka tare da rani. Huraira har da guɗa, maƙwabta suna zuwa kallon ɗakin da ba a jin zafin kwano. Shi ko maigidan, tun daga ranar wuyansa bai huta ba, kullum idonsa a sama. Ya hana yara buga ƙwallo a tsakar gida. Ya hana a hau rufi shanya kuɓewa. Ya hana daka kusa da bango, sai an fitar da turmi ƙofar gida, abin da ya sa matan layin suka yi ta dariya. Mutumin da da ma ba auki, ya ƙara zama kamar sillen kara.

Da hadarin farko ya taso, ya ga wani siririn layi ya ratsa rufin falo daga kusurwa zuwa tsakiya. Washegari ya kwashe Huraira da yara ya mai da su Gyadi-Gyadi gidan mahaifiyarsa, wai Inna tana bukatar mai taya ta aiki. Shi ya zauna shi kaɗai, don in gidan ya zama ba kowa Alhaji zai sa Tanko. Haka ya yi ta zama cikin wannan damina, in an fara ruwa ya raɓe a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, yana jan carbi yana sauraron rufi.

Wata Asabar da la'asar ana tsuga ruwa, sai ga Huraira ta shigo, mayafinta sharkaf. Ta wuce shi a bakin ƙofa. Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a falo, daidai ƙarƙashin tsagar da ruwa yake ɗiga, ta zauna ta miƙe ƙafa. Garzali ya yi wuf ya iso kanta. Ya roƙe ta da Allah da Annabi ta tashi, ya kama hannunta ta fizge.

"Malam, ni nake share yashin da yake zubowa daga rufin nan tun rani," in ji ta. "Na yi shiru ne ina jira ka faɗa. To ka je ka gaya wa Alhaji. Ina nan har ka dawo."

Ya ce ta jira shi a waje, ko a zauren maƙwabta. Ta ce a nan zai same ta. Wani ɗan ɓarɓashi ya faɗo kan tabarmar, tsakaninsu, dukansu suka dube shi.

Mutanen Tarauni sun daɗe suna ba da labarin ranar da suka ga Malam Garzali akanta a guje cikin ruwa, ba hula, ba keke, takalmi ƙafa ɗaya. Ya tsallaka titi bai duba hagu ko dama ba, wata mota ta taka burki bai ma waiga ba. A ƙofar zauren Alhaji ya ji muryarsa a ciki yana yi wa wani faɗa. Ya ɗaga labule ya shiga da taɓo a ƙafarsa.