Tsamiyar Kakana ta Cikin Kasko

Makon jiya na sauya wa 'yar tsamiyar nan kasko, yau na tarar ganyenta ya fara ƙonewa. Ban san lokacin da na ɗebi ƙasar na kai hanci ba, sai kakana marigayi ya faɗo mini a rai.

Shi ya kawo ta Bagudo daga ƙetaren Benin. Tsohuwar bishiya ce, amma ba ta wuce kamu biyu ba, saboda yana datse mata saiwa da rassa. Bai yarda da kowa a kanta ba. Kullum da safe sai ya sansana ƙasarta, ya bi mutanen gida da kallo.

Shekarar da ya sauya mata kasko ganyen ya bushe, ni ya tsare a zaure, hannunsa na ƙarnin kifi da ɗanyar ƙasa.

"Ke, mi kiz zuba mata?"

"Wallahi Kaka, ban taɓa ta ba."

"Jiya na gan ki da ruwan wanki."

Na yi kuka, bai sassauta ba. Ya mayar da kaskon inuwar ɗakinsa, ya rage mata ruwa, ya daina karɓar furar da nake dama masa. Da sabon toho ya fito, ya kira ni ya nuna mini da yatsa, ya ce, "Ta yafe ma wanda yay yi." Sannan ya miƙo mini ƙwaryarsa. Har ya rasu bai taɓa cewa ba ni ba ce.

Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa, ya zaunar da shi a inuwar Aljanna.