Ayoyin da Dalma Ya Jera

Shekara ashirin da shida ya yi yana jera haruffa a maɗaba'ar mishan, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa na ce masa Dalma saboda baƙin dalmar haruffa da ba ya barin yatsunsa. A gidan Musulmi aka haife shi, kawunsa limami ne, sai da ya girma ya shiga Kiristanci. Saboda haka duk sabon mai wa'azi da aka turo, wajensa ake kai shi. Yakan zaunar da shi a benci kusa da injin, ya lissafa masa rukunan imanin Musulmi da yatsu:

"Allah ɗaya, ba shi da abokin tarayya. Mala'iku, littattafai, manzanni, ranar lahira, ƙaddara. In ba ka san shidan nan ba, kada ka buɗe baki a gaban mutane."

Da kwamitin coci ya yanke shawarar buga ɗan littafi a kan abin da Musulmi suka gaskata, Dalma bai yi shakkar wanda za a ba aikin ba. Sai aka ba ƙanin matarsa, sabon fasto da ya dawo daga makaranta da digiri.

Ranar da Fasto ya kawo rubutun, ya ajiye a kan akwatin haruffa yana murmushi.

"Yaya, kai dai ka jera. Kada ka gyara mini ko waƙafi."

"Ni wa? Ni da na share maka majina ranar da na je neman yayarka?"

"To, yanzu majina ta bushe, ga digiri ya fito."

Suka yi dariya, amma ta Dalma iyakarta leɓe. Ya karanta rubutun sau uku yana farautar kuskure, bai samu ba, wannan kuwa ya fi komai ci masa rai. Sai a karo na huɗu ya lura da wani abu: a ƙarƙashin kowane rukuni Fasto ya sa aya da Larabci, kuma niyyar kwamiti ita ce a raba littafin kyauta a kasuwa. Dalma ya san makomar takardar kyauta. Ya kuma san Musulmi ba ya iya wuce aya a ƙasa bai tsuguna ya ɗauke ta ba. Magana ɗaya ta isa ta hana abin. Ya yi shiru, ya buɗe akwatin haruffan Larabci, ya jera ayoyin tsaf, ko wasali bai ɓata ba.

Kwana uku bayan rabon, aka fara ganin shafukan an ƙunshe ƙusoshi a ciki, wasu a bakin kwata. Dattawan unguwa huɗu suka zo harabar coci, ba hayaniya, ɗauke da jakar takardun da suka tsince suka goge. Babbansu ya ce:

"Abin da kuka rubuta a kanmu daidai ne. Amma wanda ya san mu ba zai yi wannan ba."

Dalma na tsaye a ƙofar maɗaba'a, ya ji komai. Fasto ya sunkuyar da kai, ya ba da haƙuri, ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, bai ko waiga wajen mijin yayarsa ba. Waɗanda suka san Dalma sun ce har wannan dattakon sai da ya yi masa hassada.

Kwamiti ya janye littafin, ya miƙa aikin ga Dalma. Wata huɗu yana rubutawa yana yagewa a bayan injin. Abin da yake faɗa da baki cikin sauƙi ya ƙi zama a takarda, kuma duk jimlar da ya ƙera, sai ya tarar ta Fasto ta fi ta tsabta. Matarsa ta gaji da ganinsa yana tauna biro, ta ce:

"Maigida, ko in kira maka ƙanena ya taya ka?"

Kwana biyu bai yi mata magana ba.

Da bugu na biyu ya fito, waɗanda suka gwada shi da na farko sun ga rubutun Fasto ne dai Dalma ya sake jerawa, ayoyin kaɗai aka cire, aka sa ma'anarsu. Sunan Fasto ne a bango, da haruffan da Dalma ya zaɓa, mafi ƙanƙanta a cikin akwatin. Ya ƙara shekara tara a maɗaba'ar, ya buga littafin sau biyar, ba a taɓa jin ya yabe shi ba.