Ɗaɗɗoyar da Na Yanka Cikin Marka

Ranar wata Asabar 'yata ta dawo daga jami'a da wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Tana buɗe murfin, ƙamshin ɗaɗɗoya ya cika mana falo, mai ƙarfi har yana yaji a hanci. Ta ce man ganyen ne suka tatsa da tururi a ɗakin gwaje-gwaje. Ban ji ƙarshen bayaninta ba. Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na zauna, domin tuni zuciyata ta koma gidanmu na unguwar Shehuri a Maiduguri, ina ganin Iya a kan tabarmarta.

Iya mahaifiyar babanmu ce. Kanuri ne harshenta, Hausa kuwa aro take yi, in ranta ya ɓaci ta mayar wa masu ita. Ni take kira fero, wato yarinya. Mu huɗu ne mata a gidan, amma kowa ya san wadda take nufi, ni ma na sani, har ina yi wa sauran yanga.

Bayan randunanmu, inda ruwan alwala ke gangarawa, nan ɗaɗɗoyarta take. Iya ba ta sayar da magani. Amma wanda ya yanke da wuƙa a unguwar, ko ƙurji ya fashe masa, ko bakin yaro ya yi miki, gidanmu ake zuwa. Sai ta ɗebo busasshen ganye daga wata tukunyar ƙasa mai murfin faifai, ta tafasa, ta wanke ciwon da ruwan safe da yamma. Ƙananan ciwuka sukan kame cikin 'yan kwanaki.

Tana da ƙa'ida ɗaya da ba ta taɓa karyawa. Ba ta tsinkar ganyen ajiya sai ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara tsagewa, ɗaɗɗoyar ta fitar da fure. A lokacin ganyen ya ƙanƙance, ba shi da kyan gani. Takan jira hantsi, raɓa ta bushe, ta murza ganye ɗaya a yatsunta, ta shinshina, ta ɗora a harshe. In ya cije ta, sai ta ce in kawo faifai. A ɗaki take shanyawa, rana ba ta ganinsa.

Na taɓa tambayarta me ya sa ba ma tsinka da damina, lokacin da ganyen ya fi faɗi.

Ta ce, "Na damina ya ƙoshi da ruwa, fero. Kyau gare shi, ba shi da faɗa."

Ina da shekara goma sha ɗaya gwaggonmu ta haihu a ƙauye, Iya ta tafi yi mata zaman jego a tsakiyar damina. Da za ta fita ta kama kunnena a hankali ta ce in ruwa ya ɗauke ba ta dawo ba, ni zan tsinka. Kada ka tambaye ni yadda kaina ya kumbura ranar.

Sai marka ta sauka. Kwana da kwanaki ana yayyafi, katangar gidan ta jiƙe, ɗaɗɗoyar ta yi shar, ta kai mini ƙugu, ganye ɗaya ya kusa tafin hannuna. Kullum in na je ɗiban ruwa sai in tsaya ina kallonta. Na ce a raina Iya dai ba ta taɓa ganin irin wannan ba, in na cika mata tukunya fal za ta san ta bar mutum a gida. Wata safiya na ɗauki wuƙa na yanke ta har gindi. Ba wanda ya tanka mini, don a gidanmu ba mai shiga harkar ɗaɗɗoyar Iya. Bayan mako guda ruwa ya kwanta a bayan randuna, kututturan suka ruɓe. Ganyen da na shanya kuwa ya bushe da ƙyar, ya yi duhu, ƙamshinsa kamar na ciyawar akuya. Na zuba a tukunya na rufe.

Iya ta dawo bayan ruwa ya ɗauke. Babanmu yana zaune kusa da ita ta ce in kawo tukunyar. Babanmu mutum ne mai zafi, bulalarsa tana rataye a zaure, kuma abin da ya shafi mahaifiyarsa ba ya sassauci a kai.

Iya ta ce, "Yaushe kika tsinka?"

Na ce, "Bayan ruwa ya ɗauke."

Ta murza ganyen, ta shinshina, ta ɗora a harshe. Ta daɗe tana kallona. Babanmu ya ce, "Ya yi, Iya?"

Ta mayar da faifan ta rufe. Ta ce, "Ya yi."

Na yi ajiyar zuciya, ina murna na tsira. Yarinta ke nan. Ban ma lura ba cewa duk ranin nan Iya ba ta ba kowa ganyen ba. Wanda ya zo da ciwo sai ta ce bana ta gaji, ya je wurin maman asibiti. Maman asibiti maƙwabciyarmu ce, Kirista daga kudancin Borno, ma'aikaciyar jinya. Ita da Iya kullum cikin tsokanar juna suke, ɗaya ta ce ganye, ɗaya ta ce allura.

Da bazara, zafin nan na Maiduguri da ke sa ko inuwar dogon yaro ta yi ɗumi, Iya ta taka tsohon gwangwani a hanyar Kasuwar Litinin. Ya yanke ta tsakanin yatsun ƙafa. Tsoron asibiti take kamar me. Babanmu ya ce ai ga ganye a tukunya, sai ta dube ni ta ce in tafasa. Ni na riƙa wanke mata ƙafar safe da yamma da ruwan da na san ba shi da faɗa. Kwana uku, kwana biyar, ciwon bai kame ba. Ƙafar ta kumbura, ta fara wari. Sau nawa na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai in tuna da bulalar zaure in haɗiye.

Maman asibiti ce ta shigo gaishe ta, ta ɗaga zanen ta gani. Ta ce, "Haba Iya! Kwana nawa kike ɓoye mini wannan? Wallahi yau ko a bayana sai kin je." Aka kai ta asibiti. Ƙafar ta tsira, amma an cire yatsu biyu. Daga nan har ta bar duniya da sanda take tafiya.

Da ruwa ya sake sauka Iya ta samo iri ta sake shukawa a bayan randuna. Da ya ɗauke, ta dogara sandarta ta kira ni, ta murza ganye ta ɗora mini a harshe, ta ce, "Kin ji cizon?" Na ce na ji. Ba ta ƙara kalma ɗaya ba, ranar ko wata rana.

Yanzu a unguwar Mairi nake zaune. Gidan Shehuri an shafe tsakarsa da siminti, randunan ma babu su. Ranar Asabar ɗin nan 'yata ta nuna mini hotuna a wayarta, na aikin kammala karatunta. Faranti biyu ne na gilashi da suka shuka ƙwayoyin cuta a ciki, suka ɗiga man ɗaɗɗoya a tsakiya. Inda man ya kashe ƙwayoyin, sai wani zobe ya fito fes. Na ganyen da aka tsinka bayan ɗaukewar ruwa zobensa mai faɗi ne. Na tsakiyar damina kuwa siriri, da ƙyar ake ganinsa. Na riƙe wayar har haskenta ya mutu, sannan na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba.

Ta ce, "Mama, yankan gwangwani mai zurfi a ƙafar tsohuwa, ko da ganye mai ƙarfin ne ba lallai ya warkar ba. Asibiti yake so tun ranar farko."

Na yarda da ita. Amma ba wannan ne ke cina ba. Iya ba ta taɓa kuskuren ganye a harshenta ba. Ta sani tun ranar da ta rufe tukunyar. Ta kare mutanen unguwa daga ganyena, ta kare ni daga babanmu, sannan ta miƙo mini ƙafarta. Ina kewarta, wallahi ina kewarta. Da za a ba ni ita na tsawon hantsi ɗaya, ba abin da zan ce mata sai, Iya, cikin marka na yanka.

Ina da ɗaɗɗoya a tsohon bokitin fenti a bakin famfo. Jiya aka kwana ana ruwa, ta yi shar, ganyenta faɗa-faɗa. 'Yata ta miƙa hannu za ta tsinka, na riƙe mata wuyan hannu.

Na ce, "Bari, fero. Ruwa bai ɗauke ba."