Kalangun da Aka Ɗora Mini

Jita na koya tun ina yaro, a cocinmu na Jos, kuma da ita na zo unguwar Bronx, inda nake tuƙa bas. Wani Ba'amurke makanikin garejinmu ne ya ji ina kaɗawa lokacin hutu, ya ce ƙungiyarsu ta kiɗan rok tana neman mai jita. Shi ke waƙa, ƙanwarsa ke buga ganguna, ni na zama na uku.

Kundin waƙoƙinmu na farko a ɗakin ƙasa na gidansu muka naɗa, kusa da injin wanki. Sautin bai fita tas ba, masu saurare ma ba su da yawa, amma duk jitar da ke ciki tawa ce.

A kundi na biyu wani ƙaramin kamfani ya ɗauke mu, ya haɗa mu da furodusa. Da mutumin ya ji ni ɗan Najeriya ne, washegari sai ga shi da kalangu, wai a unguwar Harlem ya saya, ya ɗora mini a cinya. Na gaya masa ban taɓa riƙe shi ba, kuma kalangu gadon gida ne, yana da masu shi. Ya yi dariya, ya ce in dai buga kawai, ba mai ganewa. Na dubi abokaina, kowa ya sunkuyar da kai. Haka na buga, raina a ɓace.

Abin haushi, waƙar da na buga kalangun a ciki ce ta karɓu. Duk inda muka je wasa, ita ake nema, jitata tana jingine a bango. Wata rana a titin Fordham Road, wani dattijo ɗan Nijar da nake sayen shayi a shagonsa ya kunna mini waƙar a wayarsa, ya ce jikarsa ce ta turo masa.

"Malam, wa ya yi wa kalangu wannan wulaƙanci?"

Na ce ni ne. Ya ce Allah ya kyauta.

Da aka zo kundi na uku, na tarar an kawo sabon mai jita. Mawaƙinmu ya ce kada in damu, ai kalangun ne ya bambanta mu da sauran. Na saɓa jakata na fita.

Kundin ya fito, ban saurara ba har yau. Matata ta ji, ta ce akwai kalangu a ciki, na kwamfuta, kuma ya fi nawa daɗi.