Doka Ba Ta Ce Murhu Ba

A bakin layinmu a Nasarawa Gwom akwai bishiyar mangwaro, a reshenta kuma an rataye rim ɗin babbar mota da sarƙa, wato ƙarfen nan da ake sa wa taya. Shi ne ƙararrawar unguwa. In gobara ta tashi, ko an ga ɓarawo, ko yaro ya ɓata, sai a maka masa guntun rodi, kowa ya fito: na masallaci, na coci, har da wanda rabonsa da ibada tun ranar sunansa. Ƙararsa kuwa, na rantse ana jin ta a kasuwar Farin Gada, har tumatir ya gangaro daga kwando.

Baba mai faci ne ke kula da shi. Rumfarsa na ƙarƙashin bishiyar, shi ne kuma shugaban 'yan sintirin unguwa. Rodin yana ƙarƙashin bencinsa, yara ba sa taɓawa. Tun ina rarrafe burina biyu ne a duniya: in buga rim ɗin nan, in kuma ga teku. Tekun ma zan iya haƙura da shi.

Ana nan sai majalisa ta yi doka. Rediyon Baba ta wuni tana cewa an sake fasalin tsaro. Ranar da Mama ta aike ni da awararsa, na tsuguna na ce ya fassara mini, don ni fasalin da na sani na riga ne a wurin tela.

"Dokar nan kai biyu gare ta, 'yata," in ji shi. "Kai na farko ya ce an rushe 'yan sintiri, an ba wani kamfani kwangilar gadin unguwanni, duk wani kayan tsaro a miƙa musu. Kai na biyu ya ce kamfanoni su zuba wa 'yan takara kuɗin kamfe iya son ransu."

"To Baba, me ya haɗa kifi da kaska?"

"Ba ni gishiri in ba ka manda," ya ce, ya jefa awara a baki.

Ba a jima ba 'yan kamfanin suka zo. Suka karɓi usur da tocila da sanduna. Baba ya cire usur ɗinsa daga wuya ya miƙa, ni ce ma na yi tsaki a madadinsa. Suka kafa allo mai lambar waya, da hoton Honarabul, ɗan majalisarmu, yana murmushi da haƙora fiye da waɗanda Allah ya ba shi. Rim ɗin ne ya gagare su, sarƙar ta yi tsatsa. Suka ce ranar Asabar za su dawo da zarto.

Na saci wayar Mama na gwada lambar. Wata mata mai zaƙin murya ta ce lambar a kashe take. Ashe tsaronmu caji ya ƙare masa.

Washegari ina hura wa Mama wuta sai idona ya tsaya a kan murhunta. Tun ina goye take suyar awara da dankali a kan rim ɗin ƙaramar mota, ban taɓa lura ba.

"Mama, me ya raba murhunki da ƙarfen Baba?"

"Girma. Hura wuta."

"Doka ta ce kayan tsaro. Ta ce murhu?"

Mama ta tsaya da matsami a hannu. "Ke 'yar nan, wata rana a kanki za a ɗaure ni."

Maƙwabciyarmu, shugabar matan zumunta a cocinsu, tana tsaye tana jiran dankali. Mace ce da in ta yi raɗa ana ji a layi na gaba. Ta kwashe da dariya har ta dafa bango, ta ce da irin Hausarta ta Jos: "Bar shi ya yi magana! Wannan yarinya lauya ne!"

Baba ne ya ƙi a mai da ƙarfensa murhu. Ya shafa ƙarfen kamar mai lallashin jariri, ya ce wuta za ta kashe masa murya.

"Baba," na ce, "gara mai dusasshiyar murya a gida da mai zaƙin murya a hannun 'yan gwangwan."

Ya harare ni. Ya daɗe yana kallon allon Honarabul. Sai ya tashi ya ɗauko guduma.

Asabar da safe, sanyin Jos yana cizon kunne, motar kamfanin ta tsaya a bakin layi. Sarƙa ce kaɗai ke lilo a reshe. A ƙasa ga rim zaune kan duwatsu, wuta na ci bal-bal a cikinsa, ga kaskon biki da aka aro, mai na tafasa.

Ogansu ya sauko, gajere, da tumbi a gaba kamar shi aka ba kwangilar gadinsa. Ni kuwa motar nake kallo. An yi mata sabon fenti, amma fentin bai ƙoshi ba: ta ƙarƙashinsa ana hango hula da kunne guda.

"Oga, ina kwana. Wancan ba kunnen Honarabul ba ne? Ba motar nan ce ta hana mu barcin rana da lasifika lokacin kamfe ba?"

"Ke, ina wasa da ke? Ina ƙarfen da ke nan?"

"Wane ƙarfe, ranka ya daɗe?" in ji Mama, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ta nawa za a zuba?"

"Hajiya, wannan kayan tsaro ne. Doka ce."

"Doka ta ce murhu?" na ce.

Ya umarci yaransa su ɗauka. Ɗaya ya naɗe tsumma a hannu ya taɓa gefe. Rawar da ya taka, ko a bikin Kirsimeti ban ga irinta ba.

"Za mu jira ya huce," in ji Oga.

"Bismilla, ga benci," Mama ta ce. "Bari in sallami layi."

Ya waiwaya. Layi ya kai bakin titi. Matan zumunta sun zo da robobinsu, mahauta daga Abattoir sun zo da wuƙaƙensu a ƙugu suna ta sallama, ladan yana bayan mai kiɗan coci suna gardamar ƙwallo. Kafinta ya turo baro cike da guntayen katako. Duk wanda aka sallama sai ya zagaya ta bayan rumfar Baba ya sake shiga layi da sabuwar fuska. Wani tsoho ya zagayo har sai da Mama ta ce, "Baba, cikinka fa?" Ya ce, "Soya, 'yata, jihadi nake."

Awara ta ƙare, aka shiga dankali. Dankali ya ƙare, aka kawo doya. Wallahi da an miƙo silifa, Mama za ta soya shi ta barbaɗa yaji. Da rana ta take, yaran Oga sun koma bayan mota suna lasar yatsu. Shugabar zumunta ce ta kai musu, wai baƙo ba ya zama da yunwa a layinmu.

Can wayar Oga ta yi ƙara. Ashe tasa tana da caji. Ya miƙe tsaye yana "Yes sa, yes sa." Honarabul zai yi taro, ana neman motar a ɗaura mata lasifika.

"Za mu dawo!" ya ce daga taga.

"Ka zo da yunwa, Oga!" in ji shugabar zumunta.

Sai bayan la'asar ƙarfen ya huce. Ya yi baƙi ƙirin. Ba mu mayar da shi reshe ba, tunda gobe ma murhu ne, aka dai jingine shi a gindin mangwaro. Baba ya sunkuya ƙarƙashin benci, ya zaro rodin, ya miƙo mini.

"Ke kika ƙona shi. Ji abin da kika bari."

Na ja numfashi, na maka masa da duk ƙarfin awarar da na ci.

Ƙwar! Kamar tsohon bunsuru mai tari. Baba ya runtse ido. Na ƙara. Ƙwar!

Sai ƙofa ta buɗe. Wata ma ta buɗe. Kafinta ya fito da bokiti, ladan da takalmi ƙafa ɗaya, shugabar zumunta da taɓarya tana "Ina ne? Ina ne?"

"Gwaji ne, jama'a," in ji Baba. Ya karɓe rodinsa ya mayar ƙarƙashin benci, ya zauna a kai.

"Baba," na ce, "saura teku."